Sayar da Makon Hutu a Ƙasar Waje: Ba Ka Fita Ba Sai Sunanka Ya Fita

  

Yau a shirinmu na faɗakarwa za mu yi magana a kan wata irin dukiya da ba a saba da ita a garuruwanmu ba. Amma tana hannun wasu 'yan'uwanmu da ke Amurka da Ingila, da wasu masu fita hutu Dubai ko Sifaniya. Turawa na ce mata taimshiya. Mu a shirin nan za mu riƙa ce mata mallakar karɓa-karɓa.

Ga yadda abin yake. Ɗaki ɗaya ne a gidan hutu, a bakin teku ko kusa da wurin wasan yara. Shekara tana da mako 52. Sai kamfani ya yanka shekarar mako-mako, ya sayar wa mutane daban-daban, yawanci ya bar mako ɗaya don gyare-gyare. Kai naka mako ɗaya ne. Ka zo ka kwana bakwai, ka tafi, wani ya shiga. Baɗi ka dawo. An fara wannan tsari a Turai cikin shekarun 1960, a Suwizalan da tsaunukan Faransa. Ya tsallaka Amurka ya yi ƙarfi a shekarun 1970, musamman a jihar Florida. Har Makka ya taɓa zuwa. A farkon shekarun 2000, kamfanin Munshaat na Kuwait ya sayar wa mutane haƙƙin zama na wasu kwanaki a kowace shekara a Hasumiyar Zamzam, daura da Harami, na tsawon shekara 24.

Saye ba wuya. A kai ka otel, a ba ka abinci, a nuna maka hotuna, a miƙo biro. Fita ita ce aiki. Domin mallakar karɓa-karɓa tana zuwa da kuɗin kula da gini, wanda ake biya kowace shekara, ka je hutun ko ba ka je ba. A Amurka wannan kuɗi a tsaka-tsaki ya haura dala 1,000 a shekara, kuma hawa yake yi. In guguwa ta yaye rufin ginin, a ƙara raba muku wani kuɗin na musamman.

To ga maganar da za ku ji ina ta maimaitawa yau. Ba ka fita ba sai sunanka ya fita. Ba ranar da ka karɓi kuɗi ba. Ba ranar da kuka yi musabaha da mai saye ba. Sai ranar da aka goge sunanka daga littafin hukuma da littafin gidan hutun. Ku riƙe wannan.

Mu fara da tambaya ta farko. Mene ne ainihin abin da ka mallaka?

Kada ka ce ai ka sani. Ɗauko jakar takardun nan da aka ba ka ranar saye, ka karkaɗe ƙurar, ka karanta. Mallakar nan iri-iri ce, kuma kowace da hanyar sayar da ita.

Akwai mai takardar mallaka ta gaske. Wato kana da ɗan yanki a cikin ginin, an yi masa rajista da sunanka a ofishin filaye na gundumar. Yawancin na Amurka haka suke. Wannan sayar da ita kamar sayar da gida ne, ko da kuwa mako ɗaya ce tak.

Akwai kuma ta haƙƙin amfani kawai. Ginin ba naka ba ne. Izinin kwana aka ba ka na wasu shekaru, 20 ko 30 ko fiye. Yawancin na Meziko haka suke. A nan ba ofishin filaye za ka je ba. Kwangila za ka miƙa wa wani, kuma sai kamfanin ya amince. A Ingila kuwa sau da yawa kulob ne. Wani kamfanin amintattu ne ke riƙe da ginin, kai kuma takardar shaidar zama ɗan kulob ce a hannunka. Ita za ka sa wa hannu ka mayar, a fitar da sabuwa da sunan mai saye.

Sannan ga ta maki. Ba a ba ka mako takamaimai. Maki ake zuba maka duk shekara, ka kashe su a gidan da ka ga dama cikin gidajen kamfanin. Wata mai maki tana da takardar mallaka a ƙarƙashinta, wata ba ta da ita.

Ka duba har da ranar ƙarewa. Misali, na kamfanin Disney suna da takardar mallaka, amma suna da wa'adi. Wasu daga cikin tsofaffin gidajensu wa'adinsu 2042 ne. Mai saye zai lissafa shekarun da suka rage kafin ya taya.

Ɗan tsokaci ga wanda bai daɗe da saye ba. In cikin kwanakin nan ka sa hannu, kada ma ka yi maganar sayarwa. Doka ta ba ka damar fasa ciniki a dawo maka da kuɗinka. A Florida kwana 10 ne. A California kwana 7. A Nevada kwana 5. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai kwana 14. A Meziko ranakun aiki 5. A rubuce ake fasawa, ta hanyar da kwangilar ta faɗa, kuma ka riƙe shaidar aikawa. Kiran waya ba ya wadatarwa. In wa'adin nan bai wuce ba, kashe rediyon ka je ka rubuta wasiƙar, ba zan ji haushi ba.

To, mun zo kashi na biyu. Bashi.

Ba a sayar da mallakar karɓa-karɓa da bashi a kanta, sai dai a biya shi kafin ciniki ko a cire shi daga kuɗin cinikin. Bashin iri biyu ne. Na farko rancen da ka ci wajen saye, in kamfanin ne ya ba ka. Ruwan irin wannan rance sau da yawa ya haura kashi 10 cikin 100. Na biyu kuɗin kula da gini da ya taru, da harajin gida, da tarar jinkiri.

Akwai takarda ɗaya da ke bayyana wannan duka. Sunanta estofel. Takardar wanke kai ce, wadda hukumar gidan hutun ke bayarwa. Tana cewa: wane shi ne mai mako kaza a ɗaki kaza, ana bin sa kaza, ko ba a bin sa komai, kuɗin shekara kaza ne, makin da ya rage masa kaza. Ana biyan ɗan kuɗi kafin a fitar da ita. Mai saye mai hankali ba zai saki ko sisi ba sai ya gan ta. Kai ma mai sayarwa tana kare ka, domin abin da gidan hutun ya rubuta a cikinta ba zai dawo gobe ya musanta ba.

Sai ka haɗa sauran. Takardar mallaka ta asali ko kwafinta daga ofishin gunduma. Kwangilar saye. Rasiɗin biyan kuɗin shekara na baya-bayan nan. Takardar da ke nuna ka gama biyan rance. Dokokin gidan hutun. In kana cikin kamfanin musayar mako, irin RCI da aka kafa a 1974 ko Interval International na 1976, ka sani wannan rajista daban take. Ba ta bin ɗakin kai tsaye. Makon da ka ajiye a wurinsu, sai ka tambaya ka ji makomarsa.

Masu sauraro, yanzu mu shiga inda zuciya ke sosuwa. Farashi. Nan kuma ne 'yan damfara suka kafa tarkonsu, don haka za mu ɗan daɗe.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ɗaci gare ta. Abin da ka saya da tsada, da arha za ka sayar. Kaso mai tsoka na kuɗin da ka biya tun farko, wani lokaci kusan rabi, ba na gini ba ne. Na talla ne, da la'adar masu tallar, da abincin nan da aka ba ka kyauta. Ranar da ka fito daga ofishinsu wannan kaso ya tafi. Shiga shafin eBay ka gani da idonka. Akwai masu sa makonsu a kan dala 1, wasu ma su ce za su biya kuɗin takardun, don dai su rabu da kuɗin shekara. Ba duka ba ne, a yi adalci. Na manyan kamfanoni irin Disney da wasu na Marriott da Hilton, a wuri mai kyau da lokaci mai kyau, suna riƙe daraja gwargwado. Amma su ne 'yan kaɗan.

In kana son sanin farashin gaskiya, kada ka dubi abin da masu sayarwa ke nema. Dubi abin da aka sallama a kai. Shafuka irin RedWeek da TUG, inda masu irin wannan mallaka ke haɗuwa, za su nuna maka yadda kasuwar take.

To mu ɗauka kai ne kana zaune a falonka a Houston ko a Manchester, bayan sallar isha'i. Waya ta yi ƙara. Murya mai daɗi, Turanci tsaf. Ya kira sunanka, ya faɗi sunan gidan hutunka, har lambar makonka. Ya ce yana da mai saye a hannu, wani attajiri, zai biya fiye da yadda ka saya. Ya turo takardu masu tambari da hatimi. Saura abu ɗaya kawai. Ka turo dala 2,000 kuɗin haraji, za a mayar maka ranar biya. Ka tura. Bayan mako guda, wani kuɗin ya taso, na lauya. Sannan na banki. Sannan na wata hukumar da ba ka taɓa jin sunanta ba. In ka gaji ka daina, sai wani ya kira ya ce shi jami'in gwamnati ne, zai ƙwato maka kuɗinka, amma sai ka biya kuɗin buɗe fayil. Su ɗin ne dai. Hula kawai suka sauya.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Hukumar FBI ta ce tsakanin 2019 da 2023, mutum kusan 6,000 a Amurka sun kai ƙarar asarar kusan dala miliyan 300 ta irin wannan damfara da ake kitsawa daga Meziko. A 2023 Baitulmalin Amurka ya sa takunkumi a kan mutane da kamfanoni a garin Puerto Vallarta, bisa zargin suna yi wa ƙungiyar masu safarar ƙwayoyi ta Jalisco wannan aiki. Kun ji irin mutanen da ke bayan muryar nan mai daɗi. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Dillalin gaskiya la'ada yake ci, kuma bayan ciniki ya faɗa yake ci. Wanda ya ce ka biya kafin a sayar, ajiye wayar. Zan sake faɗa. Wanda ya ce ka biya kafin a sayar, ajiye wayar.

Doka ma tana bayanka. A Ingila dokar 2010, da ta Tarayyar Turai ta 2008, sun hana dillalin sake sayarwa karɓar kuɗi a hannunka kafin a yi cinikin. A Florida dokar 2012 ta hana mai talla ya ce maka yana da mai saye, sai in zai ba ka sunan mutumin da adireshinsa da lambar wayarsa. Kuma a Amurka dillalin gidaje sai da lasin jiha. Tambaye shi lambar lasinsa. Shiga shafin hukumar jihar da kanka ka duba. Lambar wayar da ke shafin hukumar ita za ka kira, ba wadda ya turo maka ba, domin ɓarayin nan suna aron sunayen dillalai na gaskiya.

Wani abin da ban yarda da shi ba shi ne kamfanonin da ke cewa za su fitar da kai in ka biya su dubban daloli, sannan su ce ka daina biyan kuɗin shekara. In ka daina biya, gidan hutun na iya ƙwace makon, ya miƙa ka ga masu karɓar bashi, sunanka ya ɓaci a bankuna. A Amurka wanda sunansa ya ɓaci a banki, hayar gida ma sai ta yi masa wuya. Wasu daga cikin kamfanonin nan kuma sukan mayar da mallakar kan wani kamfanin bogi da ba shi da ko kujera. Gidan hutun ya ƙi amincewa, takardar bashi ta dawo ƙofarka.

Jama'a, ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan takardu da matakan doka na sayar da mallakar karɓa-karɓa. Mun wuce batun bashi da na farashi. Yanzu a ce Allah Ya kawo mai saye na gaske. Kashi na gaba ke nan, ƙulla ciniki.

Komai a rubuce. Yarjejeniyar saye da sayarwa ta ƙunshi cikakken sunanku, da bayanin mallakar kamar yadda yake a takardar asali, harafi da harafi. Ta faɗi farashi. Ta faɗi kafin alƙalami nawa ne. Ta faɗi wa zai biya kuɗin rufe ciniki, wa zai biya kuɗin sauya suna da gidan hutun ke karɓa. Sannan abin da aka fi rigima a kai: kuɗin kula da gini na bana a wuyan wa yake, kuma daga wace shekara mai saye zai fara shiga ɗakin? In ka riga ka ci makon bana, a rubuta. In ka ranto makin baɗi ka kashe, a rubuta. Abin da aka ɓoye, estofel za ta tona shi.

Bayan kun sa hannu, kada ku yi saurin murna. A kamfanoni da yawa akwai wani haƙƙi da suka ajiye wa kansu. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya san shufa'a, inda abokin tarayya ke da damar karɓar rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, a kan farashin da aka yi. To kusan haka ne. Dole a aika wa kamfanin kwafin yarjejeniyar. Yana da wa'adi, a Disney kwana 30 ne, ya ce ko ya karɓa a wannan farashi ko ya bari. In ya karɓa, kai mai sayarwa ba ka yi asara ba, kuɗinka ɗaya ne. Mai saye ne zai koma neman wani. In ya bari, zai ba da takardar janyewa. Ku adana ta. Wanda ya tsallake wannan mataki, gidan hutun na iya ƙin sanin cinikin gaba ɗaya.

Ka kuma gaya wa mai saye gaskiyar abin da zai samu. Wasu kamfanoni suna rage gata ga wanda ya saya a hannu na biyu. A Disney, wanda ya sayi makin gidansu na Riviera a hannun wani, a nan Riviera kaɗai zai iya kashe su. Ka faɗa tun farko, ciniki ya yi albarka.

Kuɗin fa, wa zai riƙe? Ba kai ba, ba mai saye ba. Akwai kamfanonin rufe ciniki masu lasi, ko lauya. Mai saye ya zuba kuɗin a asusun amana da ke hannunsu. Su binciki mallakar, su tabbatar ba jingina, su rubuta sabuwar takarda, su biya duk wanda ke bin bashi, sannan su miƙa maka ragowar. Suna cajin 'yan ɗaruruwan daloli. A ganina wannan ba wurin tsumulmula ba ne. Ko ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya za ka sayar wa, ko kyauta za ka ba shi, ku bi ta hannunsu.

To sai sa hannu. Duk wanda sunansa ke kan tsohuwar takarda dole ya sa hannu a sabuwa. In kai da uwargida kuka saya, Alhaji, hannunka kaɗai bai isa ba, sai Hajiya ta sa nata. In aure ya mutu kuma sunanta na nan, sai an nemo ta, ko a kawo hukuncin kotu. Ana sa hannun ne a gaban notari, wato jami'in da doka ta ba ikon shaida cewa kai ne ka sa hannu. A Florida ana ƙara shaidu biyu.

Ga abin da ya shafi mutanenmu kai tsaye. Sunaye. A takardar mallaka an rubuta Mohammed, a sabon fasfo Muhammad. Can an sa sunan gari a ƙarshe, nan an sa sunan mahaifi. A wurinmu duk ɗaya ne. A wurin magatakardan gunduma mutum biyu ne. Ka duba tun da wuri. In akwai bambanci, a yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne mai sunayen biyu.

In kuma ka dawo gida, kana Kano ko Yamai, ba sai ka hau jirgi ba. Ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsu a Legas suna aikin notari, sai dai ka nemi rana tukuna, kuma dala 50 ne kowane hatimi. Florida ta halatta yin notari ta bidiyo tun farkon 2020. Ko ka ba wani amintacce takardar wakilci. Amma kafin ka yi ko ɗaya, tambayi kamfanin rufe cinikin wacce za su karɓa.

Saura haraji, kuma a nan ina son wanda ba ɗan Amurka ba, ba shi da katin zama na dindindin, ya matso kusa da rediyo. Akwai dokar 1980 da ake kira FIRPTA. Ta ce in baƙo ya sayar da gida ko fili a Amurka, a riƙe kashi 15 cikin 100 a aika wa hukumar haraji ta IRS cikin kwana 20. Ku lura da kyau. Kashi 15 na kuɗin cinikin ne gaba ɗaya, ba na riba ba. Ka sayar a kan dala 10,000, a riƙe 1,500, ko da faɗuwa ka yi. Kuɗin ba ya ɓacewa. In ba ka ci riba ba, za ka iya neman a dawo maka da shi, amma sai ka samu lambar biyan haraji ta baƙi, wadda ake nema da fom W-7, sannan ka cike fom 1040-NR. Akwai kuma fom 8288-B na neman a rage abin da za a riƙe tun kafin ciniki. Jihar Hawaii tana riƙe nata daban, kashi 7.25, ga wanda ba mazaunin jihar ba. Florida kuma tana karɓar harajin hatimi a kan takardar mallaka, santi 70 a kowace dala 100 a yawancin gundumominta. Wanda ya yi riba zai biya haraji a kanta. Wanda ya faɗi a makon da yake hutawa da iyalinsa, ba a rage masa haraji saboda faɗuwar.

Yanzu mun iso inda muka dosa tun farkon shiri. Littattafan nan biyu.

Kowa ya san wanda ya sayar da babur bai yi canjin takardu ba. Babur ya yi ɓarna a wani gari, 'yan sanda su zo ƙofar wanda sunansa ke takarda. Haka abin yake a nan.

Littafi na farko na hukuma ne. Sabuwar takardar mallaka sai an kai ta ofishin rajista na gundumar da ginin yake. In a Orlando ne, yawanci gundumar Orange ce ko Osceola. A buga mata hatimi, a ba ta lamba. Ka nemi kwafi mai lambar nan.

Littafi na biyu na gidan hutun ne, kuma shi ake mantawa. Ofishin gunduma ba ya kiran gidan hutu ya ce an sayar. Sai an aika musu kwafin takardar da aka yi wa rajista, da fom ɗinsu na sauya suna, da kuɗinsu. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Muddin ba su sauya ba, takardar kuɗin shekara da sunanka za ta fito. Saboda haka bayan an rufe ciniki, ka ɗaga waya ka kira su. Ka ce su rubuto maka cewa ba kai ne mai makon nan ba, kuma ba sa bin ka komai. In ka ba banki umarnin cire kuɗin shekara kai tsaye, ka soke. Ba ka fita ba sai sunanka ya fita.

Kafin lokaci ya ƙure mana, abu biyu a taƙaice.

Na ɗaya, in ba mai saye. Koma wurin kamfanin da ya sayar maka ka tambaya ko suna karɓar kayansu. Manya da dama, irin Wyndham da Marriott, suna da ofishin da ke duba wannan. Yawanci sharaɗin shi ne ka gama biyan rance, kuma ba a bin ka kuɗin shekara. Galibi ba za su ba ka ko kwabo ba. Amma ka huta. Mai mako a Sifaniya kuwa ya nuna wa lauyan ƙasar kwangilarsa tukuna. Dokarsu ta 1998 ta ce kada irin wannan kwangila ta wuce shekara 50, kuma a 2015 kotun ƙolinsu ta soke wadda aka rubuta ba wa'adi.

Na biyu, gado. Mahaifi ya rasu, ana buɗe akwatinsa sai ga takardar mako a Florida. Magada ba za su iya sayarwa haka kawai ba. Sunan mamaci ne a littafi, kuma mamaci ba ya sa hannu. Takardar rabon gado da kuka samo a kotun gida ba ta isa ita kaɗai ba. Galibi sai an buɗe ƙaramar shari'ar gado a jihar da ginin yake. Kuɗin shekara da ya taru kuwa bashi ne a kan dukiyar mamacin, kuma mun san bashi ake fara biya kafin a raba gado. Magajin da ba ya so yana da ikon ƙin karɓa a rubuce, amma ya yi da wuri, cikin wata 9 ya fi, kuma kada ya je ya kwana a ɗakin tukuna. Wanda ya ci moriyar abu ba ya dawowa ya ce bai karɓa ba.

Dokokin nan sun bambanta daga jiha zuwa jiha, daga ƙasa zuwa ƙasa. Lauyan da za ka nema shi ne na inda ginin yake, ba na inda kake zaune ba.

Iyayenmu da yayyenmu da ke da irin wannan mallaka, roƙona gare ku shi ne ku fito da takardun nan a makon nan, ku zaunar da iyali ku nuna musu. In za a sayar, a fara tun kuna da ƙarfin sa hannu da kanku.